Zaibar zinare da kifin da muke ci a Kano

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka saboda wani saƙon murya da yake yawo a wayoyin mata a unguwarmu, wai duk kifin da ake kawowa daga teku guba ne, a daina saye. Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, kuma na yi bautar ƙasa a jihar Ribas, inda ruwan kogi yake gamuwa da ruwan gishiri. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an juya ta, har ta kai wanda ya bi ta zai bar kifin da ba shi da laifi.

Gubar da ake nufi zaiba ce, ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa. Masu haƙar zinare suna zuba ta a kwano tare da niƙaƙƙen dutse, su cuɗa da hannu tsirara har ta kama zinaren, su matse a ƙyalle, sannan su ɗora curin a kan wuta. Zaibar ta tashi ta bi iska, zinaren ya zauna. Wani tsohon ɗalibina da ya yi wannan aiki ya ce a cokali suke ƙonawa, fuskarsu a kan tururin. Abin da bai tashi ba yana cikin ruwan wanki da ake malalarwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce ƙananan masu haƙar zinare su ne kan gaba a duniya wajen sakin zaiba cikin iska, fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ƙona kwal shi ma yana da kaso mai tsoka.

To daga Anka ko Bukkuyum, wuraren haƙar zinare a jihar Zamfara, ina ruwa ya nufa? Gulbin Zamfara ya shiga na Sakkwato, na Sakkwato ya shiga Neja, Neja ta haɗu da Binuwai a Lakwaja ta gangara teku. Wani laka yana kwantawa a madatsun Kainji da Jebba, wani ya wuce.

A bakin tekun ne aikin yake. Na taka taɓon wurin da ƙafata. Baƙi ne wuluk, ƙafa tana nutsewa har gwiwa, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga itatuwa tsaye a kan saiwoyinsu cikin ruwa. Sau biyu a rana ruwan teku yakan shigo ya janye. Idan ruwan kogi ya haɗu da gishiri, ƙurar lakan da ya ɗauko sai ta dunƙule ta kwanta, zaibar da ke manne da ita ta kwanta tare da ita. Iska ba ta ratsa wannan taɓo, kuma akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da irin wurin ne gidansu, su ne ma suke kawo warin. Su suke sauya zaibar zuwa wani nau'i da ake kira metil-makuri, wanda jikin mai rai yake tsotsa da sauƙi amma fitar da shi sai a hankali.

Ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani su suke fara sha, kuma a nan taruwar ta fi yawa, ninki dubbai a kan abin da ke cikin ruwan. Ƙwarin ruwa su ci tsirran, jatan lande da ƙananan kifi su ci ƙwarin, matsakaicin kifi ya ci ƙanana, babba ya haɗiye matsakaici. Kamar adashi ne da kowa yake zubi, amma mutum ɗaya ke kwasa, wato babban kifi mai cin 'yan uwansa, wanda ya shekara da shekaru yana ci. Shi ya sa za a auna ruwa a ga kusan babu komai, a auna tsokar kifin shak a ga abin tsoro. Kuma a tsokar take, ba a fata ko kitse ba. Wanki da lemon tsami, suya, banda, duk ba sa cire ta.

Mutanen Minamata a ƙasar Japan sun ga ƙarshen abin. Kamfanin Chisso ya yi ta zuba ruwan masana'anta a mashigin tekunsu daga 1932 har 1968. Kyanwoyi suka fara, suna tangaɗi suna faɗawa ruwa. A 1956 aka tabbatar da cutar a jikin mutane: hannu da ƙafa su mutu, gani ya tsuke, magana ta karye. Mata da ba su nuna alamar ciwo sosai ba suka haifi yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa, domin gubar tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi.

Wannan ne ya fi damuna, saboda al'adarmu. Idan ana son a kyautata wa mai ciki ko mai jego, babban kifi ake nema a yi mata farfesu, ƙananan a bar wa yara da 'yan aiki. A wannan fannin ƙananan sun fi aminci. Sadin, shawa, titus, bonga da jatan landen da muke dakawa a miya duk suna can ƙasa a jerin masu cin juna, kuma mai ciki tana bukatar su. Wanda za ta rage ci shi ne babban kifi mafarauci. Wannan ƙa'ida ba ta tsaya a teku ba, ta shafi ƙaton giwan ruwa da aka kamo a madatsar ruwa.

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a 2018, wadda ta ɗora wa ƙasashe masu irin wannan haƙar nauyin rage zaiba a cikinta. Akwai tukunya mai murfi da bututu da ake ƙona curin a ciki, tururin ya huce ya koma ruwa a sake amfani da shi. Maƙeri zai iya ƙera ta, kuma mai haƙa zai karɓa domin kuɗin zaibarsa ba za su bi iska ba.

Roƙona ga NAFDAC da masana kimiyya na Jami'ar Bayero shi ne su ɗebi kifi a Sabon Gari da 'Yankura, na ƙanƙara da na banda, su auna, su buga sakamakon da Hausa, kowane kifi da sunan da mai talla yake kiransa, a karanta a rediyo kuma a kai asibitocin awon ciki.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Gwammaja, Kano