Zuwa ga Yaya, daga Jidda, kan kuɗi da hotunan kifin nan

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya kai da iyali, ya zafi, na san yanzu Maradi ta ɗau wuta. Ka gaida Inna da kyau, ka zauna kusa da ita ka karanta mata wanga saƙo a hankali, inda na ce ka tsallake kuma ka tsallake. Rubutawa na yi don in na aiko murya a WhatsApp har maƙwabta sai sun saurara.

Maganar kuɗi tukuna. Na ba mutumin nan na Sabon Gari mai kawo saƙo jikka 180, zai kira ka ran Laraba in sha Allah. Jikka 65 hatsi, 25 maganin tansiyon Inna, ka tafi farmasi da kanka da takardar likita kar ka aiki yaro, 40 sauran kuɗin lekwal, 50 siminti don katangar bayan ɗakin Inna kafin ruwa ya sauka. Auta kar ya taɓa ko dala. Ko ya yi kuka, ko ya rantse, ko ya turo Kawu, ko dala.

To sai abin da ya sa ni rubutu. Ƙanwarmu ta ce mani wai ana ta faɗi a unguwa na sayi jirgin ruwa, wai har a wajen suna anka nuna hotona ana cewa ɗan gidan wane ya zama alhajin teku, wai Kawu na cewa mai jirgi ne ke aiko jikka ɗari da wani abu. Wallahi da na ji dariya na fara yi, daga baya kuma barci ya ƙi zuwa. Laifina ne, ni na tura hotunan, ɗana ne ya ce Baba ka nuna mani teku, ban san za su zagaye gari ba.

Yaya kai ka san aikina amma bari in sake faɗa. Kasuwar kifi ta Bangala nike, bakin Kurnish, hanyar da ke bin gaɓar teku. Bayan asuba ake gwanjo, haraj suke ce mishi, mutum ya sayi kifinshi ya kawo wajenmu mu kankare ɓawo mu fidda ciki mu yanka, a biya bisa kilo. Shi ke nan. Jirgin da kunka gani na wani mai saye ne da ya saba kawo mani kifi, wata Juma'a ya ce in bi su Abhur in riƙa gyara musu abin da sunka kama. Rabin tafiyar amai na yi ta yi, wannan ba a ɗauka hoto ba.

Amma gaskiya na ga abin da ban taɓa gani ba, kuma ba zan ɓoye ba na ji daɗi. Ka faɗa ma Inna wanga shi ne Bahar Maliya da take ji a wa'azi, tekun da ake cewa Annabi Musa ya ƙetare. Ruwan shuɗi ne tas, kana hango ƙasa, gishiri kuma kamar an zuba da gangan, ance don babu kogin da ke zuba cikinshi ga rana na ƙona shi. Sun ba ni gilashin ido na leƙa ina riƙe da tsani kamar jinjiri, ni da iyakar ruwana Gulbi in ya kawo. Ƙarƙashin duwatsun murjani ne kamar gari, kifaye na shiga da fita kamar ƴan kasuwa, wani rawaya, wani mai zane kamar atamfa, wani shimfiɗe bisa rairayi kamar faifai da ɗigo shuɗi-shuɗi da doguwar wutsiya mai ƙaya. Da muna dawowa wasu ƙanana sunka riƙa tashi sama da ruwa suna shawagi da fiffike, na ce fara ce, anka yi mani dariya, ashe kifi ne. Sai kuma abu salama sunka biyo jirgi suna tsalle, shi wannan ba kifi ba ne ma, sama yake zuwa shan iska ta wani rami bisa kai, kuma shayar da ɗanshi yake kamar ayu.

Kawu wai ya ce koren kifin nan fenti anka shafa mishi don a yaudari masu saye. Ka ce mishi a'a. Harid sunanshi, ni nike kankare shi kullum, ɓawonshi manya kamar dala biyar-biyar kuma launin a jiki yake. Ka duba bakinshi a hoton, haƙoran sun haɗe wuri guda kamar bakin aku, da shi yake gurzar dutsen murjani shina cin gansakukar da ke bisa, ya niƙe dutsen a ciki ya kasayar da rairayi, wai farin rairayin bakin teku da yawa kashin kifin nan ne. Abin da ya fi ɗaure mani kai, da yawansu mace suke farawa, in sun girma sai su koma namiji, launi ma ya canza. Sau uku na tambaya kafin in yarda. Can kudu wajen Jizan akwai tsibiran Farasan, duk shekara wajen watan Afrilu harid na tururuwa zuwa bakin gaɓa, gari guda ya fito a afka ruwa ana kamu, biki ne sosai, da anka nuna mani a waya sai na tuna su a tabki in ruwa ya ja baya.

Wani tsoho ɗan Yaman da muke tebur ɗaya shi ya koya mani gane su. Farkon zuwana da launi nike ganewa, kullum ina kuskure, don kifi in ya mutu ya kwana cikin ƙanƙara launinshi dushewa yake, ga shi mace daban namiji daban ƙarami daban. Tsohon ya ce ka bar launi, duba baki tukuna ka san mi yake ci, sannan ƙayar baya ka san ko zai cuce ka, sannan wutsiya. Mai wutsiya kamar almakashi ɗan gudu ne na tsakiyar ruwa, irin su bayad da kan'ad, mai wutsiya kamar mafici ɗan zaman rami ne, irin hamur, ƙaton baki gare shi kamar giwan ruwa, laɓewa yake cikin dutse ya haɗiye mai wucewa. Ɗan uwanshi najil shi ne sarki a nan, ja ne da ɗigo shuɗi, kilo guda nashi wani lokaci ya fi abin da nike tashi da shi a wuni. Ban taɓa sa shi a baki ba, ka faɗa ma masu cewa ina cin abincin manya. Yanzu ma hukuma ta hana kama shi, daga farkon Afrilu har wata biyu don lokacin ƙwanshi ne, shi ya sa kasuwa ta ɗan yi sanyi, shi ya sa kuma kuɗin wanga karo ba su kai na da ba. Ba wani abu ba ne, zai wuce.

Nan ka tsallake kar Inna ta ji. Akwai wani ɗan kifi sijan, bakinshi ƙarami kamar na zomo, ciyawar teku yake ci, in ka buɗe cikin sai warin ɗanyen haki, mutanen Jidda na son shi soye. Ƙayoyinshi dafi gare su, kuma akwai guda gaban baya da ke kallon gaba, ɓoye take, ita ta same ni a babban yatsa ina sauri. Yaya ka tuna kunamar da ta harbe ni a gona muna yara, to wannan ya fi ta. Tsohon nan ya tsoma hannuna cikin ruwan zafi iya yadda zan jure, zogin ya sauka, amma kwana uku ban riƙe wuƙa ba, kwana ukun nan kuma babu ko riyal. Ya warke sarai. Ance na gode Allah ba kifin dutse ba ne, wanda ke kwance kamar dutse mai gansakuka da ƙaya 13 a baya, shi in ka taka sai likita. Akwai kuma kazar teku mai gashi baje-baje kamar tolotolo, kyau kamar amarya, ita ma dafi. Ni yanzu duk wanda na gani ya cika ado ko ya cika muni da almakashi nike fara gaishe shi.

To ci gaba da karanta mata. Inna, ance kin yi kuka da kinka ga mai hannuwan nan, kin ce ɗanki na cin aljanu a ƙasa mai tsarki. Ki kwantar da hankalinki. Akhɗabut sunanshi, dabba ce ta Allah, hannu takwas, ba ƙashi ko ɗaya, zuciya uku gare shi kuma jininshi shuɗi, in ya tsorata sai ya feso baƙin ruwa kamar tawadar allo ya gudu. Akwai mai kama da shi, habbar, ƙirga hannu ake, in goma ne biyu sun fi tsawo to habbar ne. Na tambayi malami, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, kuma Yaya na iya tambayar liman ya ƙara miki bayani. Duk da haka ni ban ci ba, raina bai ba ni ba. Jatan lande dai na ci, shi kam fara ce ta ruwa, da an samu yajin gida da an wuce wurin.

Wanda ba a ci shi ne talibambam, ashe har teku akwai shi, na nan ya fi namu girma, haƙora huɗu, ya kumbura kamar ƙwallo in an taɓa shi. Gubar na cikin hanta da ƙwai da fata kuma wuta ba ta kashe ta, ko an dafa ko an soya. In ya shigo cikin kaya ware shi muke mu yar. A Japan wai ana ci amma sai kuku mai takardar izini ke yanka shi, su sunka sani.

Duk da wanga kallo, jiya ina cin shinkafar sayadiyya sai na ji ba abin da nike so irin busasshiyar tarwaɗar Madarunfa cikin miyar kuka, wadda Inna ke ɓarewa da hannu ta ɓoye mani kan. Shekara huɗu. Ɗana da na bari shina rarrafe shi ne yau ke tambaya ta sunan kifi. Wani lokaci in na wanke hannu har sau uku ƙarnin bai fita ba sai in ce mi ya kawo ni, sai kuma in tuna rufin kwanon da munka yi bara, ba wanda ya ba mu ko kusa guda. To a bar ni da ƙarnina.

Auta kuma, na ji wai shina neman mai sayen ragon Inna don ya yi faspo ya biyo ni tunda na yi jirgi. Yaya in ragon nan ya fita gidan kai zan tambaya. Ka zaunar da shi ka nuna mishi hoton yatsana, na turo maka kai kaɗai. Nan in ba ka da iƙama, wato takardar izinin zama, ba aiki, ɓuya ce kullum har ran da za a kama mutum a maido shi da rigar jikinshi, mun ga da yawa. Ya riƙe moton da ke hannunshi, ya riƙa kawo kuɗin yini kamar yadda munka yi da shi, in ya yi shekara bai ɓata ba sai mu yi magana.

Kar ka manta, 65 hatsi, 25 magani, 40 lekwal, 50 siminti, kuma ka ɗauko mani hoton katangar in an gama, ba don ban yarda da kai ba, so nike in gani. In mutumin zai dawo a ba shi ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan kuka, a ɗaure da leda biyu. Ka ce ma ɗana mai kama da faifan nan da ya tambaya har yanzu ina neman sunanshi wajen tsoho, ran Juma'a zan kira in faɗa mishi, ku sa caji tun da rana kafin a ɗauke kuran.

Naka ƙane.