Zuwa ga Fusaini a Hambug

Nima, Ankara, Gana
Daren Lahadi

Fusaini mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Jamus? Yaya Maryama da ƙannenta? Mu nan lafiya lau, sai zafi da tsadar kaya. Saƙonka na murya ya iso tun kafin Babbar Sallah, wanda kake tambayar inda aka kwana a rufin gininka na Oyibi. Na san ka gama yanke hukunci cewa Awudu ya cinye kuɗin kwano ya ɓuya. Ban ci ba, zan zo kan maganar. Bari dai in fara sauke abin da ya cika mini ciki, in ba haka ba yau barci ba zai ɗauke ni ba.

Na hau tsaunin Aburi da keke! Tun daga Ayi Mensah a gindin tsaunin har ƙofar lambun itatuwa na Aburi ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Ni ɗin nan, mai tumbin da kuke cewa yana riga ni shiga masallaci. Yi dariyarka, ina jiyo ka daga nan.

Ka san tun da likita ya ce sukarina ya hau, Hajiya ta sa wa shayina ido. Tafiyar ƙafa aka ce in riƙa yi, to a Nima ina za ka taka? Kafin ka kai bakin titi ka gaisa da rabin unguwa, an kuma tura maka ƙosai. Bashiru ɗan Inna Lami ne ya cece ni. Yanzu yana da shago a unguwar Madina, yana sauke kekunan hannu daga Turai, shi ya zaɓa mini wani mai siraran taya da kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, wanda za ka ɗaga da hannu ɗaya. A majalisar ataya kuwa na sha tsiya. Baba Sule ya ja ni gefe, ya rage murya, wai in kasuwa ce ta karye har na sayar da mota in faɗa masa, 'yan'uwa za su yi karo-karo. Mutanenmu har gobe in sun ga magidanci a kan keke, talauci suke gani.

Hotunan da kake turo mana na hanyoyin keke a bakin kogin Elbe, inda mota ba ta shiga, su suka fara sa mini ƙwaɗayi, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai garinku a shimfiɗe yake, ba tudu ba gangara, ban san me kake kira motsa jiki ba. Mu a tsaunin Akwapim ba wanda ya keɓe wa keke hanya. Abin da muke da shi lokaci ne. Ranar Lahadi, daga sallame sallar asuba zuwa lokacin da masu coci za su fito, titin namu ne. Asabar kam kar ka soma: masu tattaki sun cika hawan Ayi Mensah da kiɗa da ihu, sama kuma ranar jana'iza ce, a kafa rumfuna har kan kwalta, kowa da ja da baƙi. Wani dattijo a Mamfe ya ce mana in muna son shiru na gaske mu zo a makonnin da ke gaban bikin Odwira, wajen Satumba, lokacin da masarautar Akropong ke hana kiɗa da hayaniya da bukukuwan jana'iza.

Titin Madina zuwa Adenta ba ma hawansa da keke, ba mu gaji da rai ba. A bayan motar Bashiru muke loda su har Oyarifa, nan muke saukewa. Kana wuce tsohon wurin karɓar kuɗin hanya, wanda aka daina karɓa tun ƙarshen 2021, sai hawa ya ce salamu alaikum. Da can zuciya nake sawa, in taka da ƙarfi don kar yaran su bar ni, kafin rabin hanya numfashi ya ƙare, in sauka ina turi ina istigifari. Bashiru ya ce, “Kawu, sauke giya tun kafin ka ji nauyi, ka zauna a sirdi, ka bar ƙafa ta yi ta juyawa.” Yau na bi maganar yaro. Ban kalli kowa ba, ban kalli sama ba, tayar gaba kawai nake kallo da gefen dutse, don da damina duwatsu kan gangaro kan titi a wurin. Sannu ba ta hana zuwa. Can sai na ji iska ta canja, sanyi ya ratsa rigata, na ɗaga kai na ga katangar gidan hutun shugaban ƙasa na Peduase, wanda aka gina zamanin Nkrumah. Na waiga, ga Ankara kwance a ƙasa cikin hazo, fitilunta ba su gama mutuwa ba. Wallahi Fusaini sai da na yi kabbara da ƙarfi, wata mata mai ɗauke da ayaba ta tsorata.

Daga nan Kitase, sai Aburi. Lambun yana nan yadda ka san shi, tun 1890 da Turawan Ingila suka buɗe shi, da dogayen itatuwan nan jere hagu da dama a mashiga. Tsohon jirgi mai saukar ungulun ma yana nan. Ka tuna yawon Sallar da ka shige cikinsa da sabon yadinka don a ɗauke ka hoto? Har yau Memuna in ta ga tsatsa a jikin tufa sai ta ambaci sunanka.

Af, Memuna ta aurar da autarta watan jiya. Angon ɗan Sabon Zango ne, direban babbar mota mai zuwa Wagadugu. An yi taro, an ci waken Hajiya Ramatu har an yi guzuri. Ɗanjuma ya zo da babbar rigar aro, ya yi liƙi da sidi biyu-biyu yana ɗaga hannu sama yadda kowa zai ɗauka takardun ɗari ne. Mai kiɗa ya duba ƙasa, ya canja waƙa.

To, daɗin ba a Aburi ya ƙare ba, nan ma ya fara. Da ka hau saman, hanya bin ƙashin bayan tsaunin take yi, hawa kaɗan gangara kaɗan: Obosomase, Tutu, Mampong, Amanokrom, har Mamfe. A Mampong muka ratse gonar Tetteh Quarshie, maƙerin nan da ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a 1879. Shekara da shekaru muna bi ta gadar da aka sa wa sunansa a Ankara muna zagin cunkoso, ban taɓa taka gonarsa ba sai da keke ya kai ni. 'Yar ƙarama ce, in kana cikin trotro, motar haya, ba za ka ma san ka wuce ta ba.

Har Mamfe akwai trotron Koforidua jefi-jefi, amma da muka karya dama muka nufi Larteh sai titi ya zama fayau. Daga ƙarar kaca sai tsuntsaye sai awaki, su ne ma abin tsoro, don akuya ba ta san birki ba. Mutanen Larteh suna da yarensu daban, Tonancin nan, wato yaren Twi, da nake taƙama da shi a kasuwa sai a gaisuwa da ciniki ya yi mini amfani. Mun sha ruwan kwakwa, mun ci abarba mai zaƙin da Hajiya ba za ta ji labarinta ba, kai ma kar ka faɗa. Wani ya yi mana tayin bammi, Bashiru ya ce masa Alhaji ne, mutumin ya dubi wandon da ke jikina ya ƙi yarda. Alhali dogon wando nake ɗorawa a kan matsattsen wandon keken nan, Hajiya ta rantse ba zan fita da shi haka a Nima ba.

Gangarar Larteh zuwa Ayikuma ita ce ba wasa. Kwana kan kwana, ga tsayi, hannuna ya ƙage a kan birki, da muka sauka ƙarfen taya ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Ana isa ƙasa kuma daɗi ya ƙare. Titin Dodowa tifofin yashi da tsakuwa ne ke mulki, ko Lahadi ba sa hutu, in ɗaya ta wuce ka sai iskarta ta nemi jefa ka kwata. Abin da ke damuna ke nan. Gine-gine sun riga sun fara hawa tsaunin, duk inda ka duba allon sayar da fili ne, kuma inda bulo ya je tifa za ta bi shi. Ku 'yan Turai masu turo kuɗin gini ku ne kuke kore mana shirun, ban cire ka ba. A Dodowa ƙanin Bashiru ya tare mu da mota, aka sayi mangwaro. An ce mun bi ta Oyibi, ni dai barci nake.

Yanzu ga saƙo. In Alhasan zai taho hutun Disamba, ka ba shi robar birki da taya biyu masu lamba 700 da 28, da tif ɗinsu. Na nan in ka yi faci sau biyu sun gama aiki. Hular kwano ma, mai girma, ka san kaina. Kar ka ba Ɗanjuma ko da ya ce shi zai riga zuwa, agogon bara har yau yana “cikin ɗaya jakar”.

Inna Lami tana gaishe ka, ta ce maganin ƙafar ya yi mata, a ƙaro. Ka gaida Maryama da mamanta.

Naka,
Awudu