Wai me ya kai ta ƙauye ita kaɗai?

Assalamu alaikum malam shugaban shirye-shirye, da salula nake wanga rubutu, in kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Tun daren Talata da na saurari shirin nan naku barci bai min daɗi ba. Kuma ba baƙon naku ne ya fi ɓata min rai ba, shi dai ya amayar da abin da ke cikinshi, wai me ya kai ɗiya mace ƙauye ita kaɗai ba uba ba miji, wai duk wadda ta baro ƙasarsu ta zo ta zauna cikin bukka ai ta san abin da ta taka. Yaron nan naku mai gabatarwa shi ne ya ba ni haushi. Dariya fa ya yi! Ya yi dariya ya ce bari mu je talla mu dawo, da aka dawo kuma sai aka shiga wata hira kaman ba a faɗi komai ba. Haba ɗana, maganar fyaɗe ake yi.

Ni na yi aiki sama da shekara 20 a likitar ƙauye, ina taimakon sajifam, kuma na zauna da anasaran nan masu aikin sa kai, na Amurka da na Japan da na Faransa duk na gani. Akwai wata da ba zan faɗi ƙasarta ba, ba zan faɗi ƙungiyar da ta kawo ta ba, ƙauyen ma a bar shi. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai ɗiyata ta fari ba. Mai gari da kanshi ya karɓe ta gaban jama'a ya ce ɗiyarshi ce, aka yi mata ɗaki da dangar zana bayan gidanshi, aka raɗa mata sunan Hausa. Zane take ɗaurawa har ƙasa da kallabi, tun da baƙonku ya kawo zancen sutura. Ita ke awon jarirai ƙarƙashin bedi ranar kasuwa, ta koya ma mata dama kunu da garin wake da ƙuli-ƙuli don yara masu tamowa, Hausarta har karin magana take jefawa muna dariya.

Wata safiya ban ko gama sallar asuba ba na ji motsi a ƙofa. Ita ce. Ba sallama ba gaisuwa, wadda in ta fara gaishe ka sai ka gaji, ta zauna bisa turmi tana rawar jiki ta ce min inna ki ba ni ruwan zafi. Na dubi zanenta na dubi wuyanta, ban tambaye ta komai ba, na gane.

To ga abin da na yi, kuma shi ke cina har yau. Na ɗora ruwa na yi mata wanka da hannuna, na gasa mata jiki, na kwashe tufafin na wanke tas na shanya. A ganina taimako na yi. Ashe shaida na wanke. Ba wanda ya taɓa gaya min ana adana tufafi, ana fara kai mace a duba ta a rubuta takarda kahin ruwa ya taɓa ta, ni da nake cikin likita ke nan fa, ina ga wadda ba ta taɓa shiga ba. Na biyu kuma na je na gaya ma manjo, wato shugaban likitarmu, ba tare da na tambaye ta ko ta yarda ba, manjo ya gaya ma mai gari, kahin azahar mata a bakin rijiya sun san komai har da ƙari.

Dattawa suka zauna, abin da ya fito daga zaman shi ne a rufa asiri, kada furoje ya ji ya janye, ga maganar rijiya ana jira ga bankin cimaka. Asirin wa aka rufa? Nata dai ya riga ya tonu. Na mutumin aka rufa, wanda kowa ya san shi, ita ma ta faɗi sunanshi da bakinta. Kwana uku sai ga katkat daga biron ƙungiyar da ta kawo ta, mutumin da ya zo ya tsaya gabanmu shina tambayarta ko ta kulle ƙofa, ko ta saba hira da shi da dare, ko ta taɓa ba shi fuska. Sak tambayar baƙonku, harshe ne kawai ya bambanta. Aka kwashe kayanta cikin awa guda ko bankwana ba ta yi da matan da take auna ma ɗiya ba, sikelin ma nan aka bar shi rataye jikin bedi har igiyar ta ruɓe. Jandarma ko ɗaya bai taka ƙauyen ba. Shi kuwa gogan ya yi aure ya ƙara, in na je garin biki ina ganinshi a majalisa ana ba shi hannu.

Da mai gabatarwarku ya ɗan yi bincike kahin ya hau iska da ya samu abin mayar ma baƙon. Su kansu Amurkawa sun yi wagga rigima a gidansu. Pis Ko, ƙungiyarsu ta masu aikin sa kai wadda shugaba Kennedy ya kafa a 1961, ta shigo Nijar tun 1962, ba ta fita ba sai Janairun 2011 bayan an sace Faransawan nan biyu a wani gidan cin abinci a Yamai. A wancan watan ne gidan talabijin na ABC ya fito da rahoto cewa mata 'yan Pis Ko sama da 1,000 aka yi ma fyaɗe ko cin zarafi cikin shekara 10 a ƙasashe daban-daban, kuma matan suka fito da fuskarsu suka ce da suka kai kuka sai aka mai da laifin kansu. Ga kuma Kate Puzey nan maƙwabta a Benin, 'yar Pis Ko, malamar lakwal 'yar shekara 24, ta rubuta ma biro cewa akwai malamin da ke lalata da ɗalibai mata, ta roƙi a ɓoye sunanta, sunan ya fita, a watan Maris na 2009 aka iske ta an kashe a barandar gidanta. Ɗiyan talakawa irin namu take karewa fa. Sai da iyayenta da waɗancan mata suka tada ƙura har majalisa, Obama ya sa hannu kan doka mai sunanta a Nuwamban 2011. Dokar ta sa aka buɗe ofishi na musamman mai tsaya ma wadda abin ya sama, kuma tana iya faɗi a asirce ta samu magani da mai lallashinta ba tare da labari ya bazu ba, in ta ce ba ta jin aminci a garin a ɗauke ta. Ban ce doka ta gyara komai ba, amma ko ba komai sun yarda cewa tambayar me ya kai ki ita ce ke rufe ma mata baki.

Kuma ku daina ganin abin kaman na anasara ne kawai, yanzu ma ina anasaran suke? Ɗiyanmu ne ke cikin ƙauyukan, 'yan sarbis sibik da malaman kwantiragi da sajifam sabbin fitowa, a tura yarinya can bayan Dakoro ko Mayahi a ba ta ɗaki mai ƙofar kwano da ko ƙusa ba ta riƙewa. Ita ma me ya kai ta? Aiki ya kai ta, takarda aka ba ta aka ce je ki. Waccan ko ba komai an zo da mota an ɗauke ta, tamu in abin ya same ta shiru za ta yi ta koma aji da safe don kada ta rasa miji ta rasa aiki.

Abin da nake so ku sake shirin. Ku kawo sajifam da wanda ya san shari'a, a faɗa da Hausa ƙarara cewa akwai maganin kariya daga sida amma sai an fara shi cikin awa 72, akwai na hana ɗaukar ciki da ke aiki har kwana 5, kada a wanke tufafi, kada a kai labarinta ko'ina sai da yardarta, kuma fyaɗe a dokar Nijar laifi ne na kaso shekara 10 zuwa 20, ba abin da dattawa za su kashe da goro ba ne. Da na ji wannan a rediyo a wancan lokaci da ban ɗora ruwan nan ba.

Sannan don Allah layin nan naku na kira ku duba shi. Daren Talatar sau shidda ina kira, sau biyu ya shiga aka aje ni ina jin kiɗa har kiredin jika guda ya ƙare, amma mutum huɗu ɗin nan da kullum su ke samun layi sun samu, kowane ya ɓata minti uku shina gaida abokanshi na tasha da na kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Mace ko guda ba ta yi magana ba a shirin da aka yi kan mata. In lambar ta 'yan gida ce ku gaya muna mu huta da asarar kuɗi.

Ina sauraren Talata mai zuwa.

Taku, tsohuwar ma'aikaciyar likita, daga unguwar Bagalam, Maradi.