Sanarwa: Tafiyar iyalai zuwa Addo a hutun Disamba

Assalamu alaikum ƴan uwa mazauna Cape Town, barkanmu da warhaka.

Kamar yadda aka tsayar a zaman da ya gabata, ranar Asabar ta farko bayan an rufe makarantu za mu tashi da iyalanmu bayan sallar Asuba. Hanyar N2 za mu bi ta bakin teku, mu kwana a Knysna, washegari mu ratsa Tsitsikamma yara su hau gadar lilo ta bakin kogin Storms, sannan mu ƙarasa gandun giwaye na Addo. Giwaye 11 kacal suka rage lokacin da aka kafa shi a 1931, yau sun haura 600.

Kowane maigida ya turo yawan mutanensa da kuɗin masauki ga ma'aji kafin Juma'a, domin Disamba ɗakuna ba sa jira. A kai mota wurin bakanike tun yanzu. A riƙo takardar zama da fasfo.

A cikin gandun ba a fita daga mota sai inda aka keɓe, iyaye a ja wa yara kunne. Direbobi kuma kada a taka kashin giwa a kan hanya, buzuzun wurin doka ce ke kare shi, ba wasa nake ba.

Hajiyoyinmu, dambun nama da cincin na wuyanku.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.

Sakataren rukuni