Zuwa ga iyaye: gasar hakaton ta yaranmu ba sakawa ba ce

Assalamu alaikum iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da duk mai riƙon yaro a makarantar nan tamu. Ya kasuwa, ya ɗawainiyar yara? Allah ya ƙara rufa asiri. Wasiƙar wannan karon ta ɗan yi tsawo, dan Allah a daure a karanta har ƙarshe, wanda kuma karatun zai ba shi wahala za mu tura saƙon murya a gurup ɗinmu na WhatsApp.

Tun ranar da muka ba 'yan JHS 1 da JHS 2, wato aji ɗaya da biyu na ƙaramar sakandare, takardar neman izinin shiga gasar hakaton ta kwamfuta su kai gida wayata ba ta huta ba. Wata Hajiya ma tun daga Mamobi ta tako har ofis da takardar a hannu ta ce min, "Malam, ni fa ba zan ba da ɗana a koya mishi sakawa ba." Wallahi ban ga laifinta ba ko kaɗan, dukkanmu a Nima muke, mun san yara nawa suka fara da zaman kafe suna danne-danne daga baya zancen ya koma damfarar mutane ta intanet, wato sakawa, kuma mun ga hawayen iyayensu. Toh duk uwar da ta ji an haɗa ɗanta da kwamfuta da kalmar "hack", wato kutse, dole gabanta ya faɗi.

Amma abin da za mu yi daban ne. Hakaton kalmar Turanci ce da aka haɗa, rabinta daga maraton aka ɗauko wato tseren dogon zango, kuma tun 1999 masu rubuta manhaja suka fara kiran irin wannan zama da sunan a wani taro da suka yi a Kalgari ta ƙasar Kanada. Yara ake rabawa huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a ba su wata matsala ta gaske, a ce daga safe zuwa yamma ku ƙirƙiro mana abin da zai rage ta, sannan ku tsaya gaban alƙalai ku yi bayani da bakinku. Shikenan. Ba a taɓa asusun kowa, ba a shiga wayar kowa.

Matsalolin kuma ba daga nesa muka ɗauko su ba, yaran ne da kansu suka zagaya unguwa suka rubuto. Ta farko babbar gotan nan da ke cika da bola, wanda duk damina sai ta sa mu fargaba, kuma ba wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015 da ambaliya da gobara suka haɗu a Sakul, shataletalen Kwame Nkrumah na nan Akra, aka rasa rayuka masu yawa. Wata ƙungiya tana so ta yi abin da zai sa mutum ya kai rahoton inda gota ta toshe da hoto da adireshin GhanaPost GPS. Wasu 'yan mata kuma, su ne suka fi burge ni gaskiya, sun ce iyayensu mata na zubin susu, wato adashi, amma katin yakan ɓace ko ruwa ya jiƙa shi sai gardama ta tashi da mai karɓa, don haka suna so su tsara hanyar ajiye lissafi, kuma da ɗaya ta ce a yi manhajar babbar waya sai ɗayar ta ce a'a, mamana ƙaramar waya mai maɓalli take riƙewa, a yi shi kaman yadda ake danna *170# a tura MoMo, wato kuɗi ta waya. Yarinya 'yar JHS 1 ce fa ta yi wannan tunanin, ni ina tsaye ina ji. Irin wannan muke nema, yaro ya kalli gidansu ya gane abin da zai yi amfani.

Kayan aikin masu sauƙi ne, Scratch da App Inventor, Scratch a jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro shi, App Inventor kuma ita ke kula da shi, duka biyun kyauta ne, jawo tubali ake yi a jera maimakon dogon rubutu. Dama tun sabuwar manhajar karatu ta 2019 darasin kwamfuta yana cikin abin da ake koya wa yara, mu dai muna so su taɓa da hannu ne ba haddar littafi kawai ba. 'Yan JHS 3 ba sa ciki saboda BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, na gabansu.

Yanzu maganar 'yan mata. Takardun da suka dawo da sa hannu yawanci na maza ne, na san dalili, ranar Asabar yarinya ce ke wanki ita ce ke tayawa a wurin sana'a. Ina roƙonku da girman Allah ku ara mana su yini ɗaya. A 2019 'yan matan makarantar Methodist ta Mamfe, nan ƙasarmu Gana, sun je Amurka sun ciyo gasar Robofest ta duniya ta haɗa mutum-mutumi, kuma 'ya'yanmu na Zango ba su fi su ƙarancin ƙwaƙwalwa ba. Malamai mata za su kasance tare da su tun daga farko har a tashi.

A wasu wurare kwana ake yi ana hakaton, mu ba za mu yi haka ba. Asabar ɗin da ke rubuce a takardar za a fara ƙarfe 8 na safe a tashi kafin magariba, a tsaya sallar azahar da la'asar cikin jam'i, kuma mun riga mun gana da malaman makarantun allo da Islamiyya na kusa sun yarda su ɗaga wa yaran ƙafa ranar. Ba a biyan ko sidi ɗaya. Koko da ƙosai da safe, wake da shinkafa da rana, kwamitin iyaye ya ɗauki nauyi, Allah ya saka da alheri.

Inda muke da ƙaranci laftof ne. Namu ba za su isa kowace ƙungiya ba, toh duk mai wata a gida ko tsohuwa ce in dai tana kamawa ya taimaka ya ara mana, za mu rubuta suna mu manna a jiki mu mayar a ranar. Muna kuma neman aron janareta ko da za a ɗauke wuta, da wayoyin jona soket. Alƙalan tsofaffin ɗalibanmu ne da suka yi karatun kwamfuta a jami'o'in Legon da KNUST, sun ce kyauta za su zo.

Daga ƙarfe 4 bayan la'asar ƙofa a buɗe take, ku zo ku zauna ku ji abin da 'ya'yanku suka haɗa, har Hajiyar Mamobi ta ce za ta zo ta gani da idonta kuma mun ajiye mata kujera a gaba. A dawo da takardar izini kafin Alhamis a ba malamin aji.

Wassalam,
Shugaban makaranta, a madadin malamai