Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Aka Kwana Kan Binciken Kindirmo, Koko da Masa

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai da 'yan'uwa membobi, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ba shi a bana.

A babban taron bara an amince ƙungiya ta mayar da hankali kan abu guda: gano ƙwayoyin bakteriya masu samar da laktik asid, wato sinadarin da ke kawo tsami, a cikin abincinmu mai tsami, tare da tantance masu amfanin cikinsu. Mun ɗebo kindirmo da nono daga masu talla a kasuwannin Muda Lawal da Wunti da wasu rugage na bayan gari, sai gasarar koko da ƙullun masa daga gidajen da ke wannan sana'a. Daddawa kuwa an yi muhawara a kanta kafin a cire ta, domin ruɓar kalwa aikin wata bakteriya ce daban mai suna Bacillus subtilis, kuma ba tsami take yi ba. Masu son a bincike ta su kawo shawara daban.

A ɗakin gwaji, kowane samfuri sai an tsarma shi sau da dama kafin a shafa a farantin MRS, abincin rainon bakteriya da de Man da Rogosa da Sharpe suka haɗa a 1960. Ana rufe farantan inda iska ba ta shiga, a ɗumin digiri 30 zuwa 37, har awa 48. Abin da ke fitowa ɗige-ɗige ne farare, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Daga nan sai rinin Gram, wanda namu ke riƙewa su fito shuɗi mai duhu a madubin hangen ƙananan halittu. Gwajin da sababbin membobi suka fi so shi ne na katalas: a ɗiga haidirojin feroksaid a kan ɗigon, in ya yi kumfa a ajiye shi gefe, in ya yi shiru a ci gaba da shi, domin masu samar da laktik asid ba sa kumfa. Mun ga masu siffar sanda, mun ga masu zagaye, wasu a jere kamar carbi.

A nan muke roƙon membobi su yi haƙuri. Siffa da rini ba sa ba da sunan ƙwaya. Binciken da aka yi a Afirka ta Yamma kan ƙullun gero da masara ya sha cin karo da Limosilactobacillus fermentum da Lactiplantibacillus plantarum, kuma muna kyautata zaton suna cikin namu, amma ba za mu rubuta haka ba sai an karanta sashen ƙwayar halittarsu da ake kira 16S, wanda da shi ake tantance sunan bakteriya. Masu shirya takardu su lura cewa tun 2020 aka raba tsohon rukunin Lactobacillus, wanda waɗannan biyun suke cikinsa a da, zuwa rukuni 25, don haka sunayen da ke cikin tsofaffin littattafanmu sun canza.

Ko an samu sunan ma, da sauran rina a kaba. Ma'anar da hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka bayar a 2001 ta nuna ba a kiran ƙwaya mai amfani ga lafiya sai tana da rai, an sha ta da yawan da ya isa, kuma amfanin ya tabbata. Shi ya sa muka fara jarraba waɗanda muka ware a ruwa mai tsamin ciki da kuma ruwan matsarmama, mu ga wace ce za ta kai hanji da ranta. Koko da masa wuta na kashe nasu ƙwayoyin kafin a ci, amfaninsu a ƙullu yake ƙarewa: tsami, ƙamshi, da hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Kindirmo ne ake sha da su a raye. Kwamiti bai ji daɗin ganin wasu na yaɗawa a WhatsApp cewa ƙungiya ta gano maganin gyambon ciki a nono ba. Ba mu faɗa ba, kuma ba mu da hujjar faɗa.

Zaman da ya fi armashi shi ne wanda muka yi da mata masu nono. Wata dattijuwa ta nuna mana yadda take tafasa madara, ta bar ta ta huce har yatsa ya iya jurewa, sannan ta zuba ɗan kindirmon jiya ta rufe ƙwarya. Muka ce, "Inna, ai abin da muke yi ke nan a ɗakin gwaji." Ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa jiran wutar lantarki ba. Abin da muka ƙara musu kaɗan ne: madara na kamawa ne idan tsaminta ya ƙaru har ma'aunin tsami na pH ya sauko wajen 4.6, amma tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne wajen kawar da tarin fukan shanu da cutar bakkale daga ɗanyar madara, tafasawar ce kariya. Ruwan da ake sirka nono da shi ma a kula da tsabtarsa.

Matsalarmu ba ta wuce wuta da kuɗi ba. Ɗaukewar wuta ta lalata wasu ƙwayoyin da muka adana a firji, dole aka sake ware su. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a zauren taro. Kwamiti na neman amincewarku a kashe kason farko na kuɗin baɗi wajen aika zaɓaɓɓun samfura a karanta 16S ɗinsu, sannan a gwada su a matsayin irin da ake zubawa a madara ta zama kindirmo, tare da matan da suka yarda. Waɗanda ake bi kuɗin wata su ga ma'aji kafin a tashi.

Sakataren ƙungiya,
Bauchi