Buɗaɗɗen Gidan Kwamfuta Bai Dace Da Ƙurar Kano Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin matasanmu masu harhaɗa kwamfuta da kansu, musamman masu sayen kaya a Titin Beirut da Farm Centre, game da yayin buɗaɗɗen gidan kwamfuta, wato firam ɗin da ba shi da bango ko murfi.

Gaskiya ne iska tana ratsa irin wannan gida ba shamaki, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, wannan abin so ne, tunda furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kan rage gudu da kanta idan zafinta ya kai wajen digiri 95 zuwa 100. Amma waɗanda suka ƙirƙiro wannan salo ba su yi lissafin ƙurar hunturu ba, wadda ke toshe haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafi, ta kuma nauyaya fanka har ta gaza.

A ganina, rufaffen gida mai raga da matatar ƙura a gaba ya fi mana, a sa fanka mai milimita 120 ko 140, masu shigo da iska su rinjayi masu fitarwa, domin kada ƙura ta kutso ta ƙananan kafofi. Na'urar sanyaya furosesa da ruwa ma tana aiki, sai dai famfonta yana iya mutuwa, kuma samun madadinsa a nan ba sauƙi. Wanda ya nace wa buɗaɗɗen gida, to ya ɗora shi kan tebur nesa da taga da hannun yara, ya riƙa busa shi duk mako.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Gwale, Kano.